Yadda za ka shimfiɗa ciyawar roba a bayan gida don yara su buga bal

Da farko ka haƙe ƙasa kamar santimita 10, ka tumɓuke ciyawa har saiwa. Ka ɗan karkata filin zuwa gwata, don ruwan Kumasi in ya sauko a watan Yuni ba wasa, in ya kwanta a ƙarƙashi wari zai yi.

Sai ka zuba tsakuwa, ka bi da garin dutse, yayyafa ruwa ka daddaɓe sosai, nan ne aikin yake wallahi kar ka yi ganda. Shimfiɗa ciyawar ta sha rana ta miƙe, gashinta duk ya kalli gefe ɗaya, haɗa bakin da gam, ka kafa ƙusa a gefuna. Daga nan watsa busasshen yashi ka share da burushi mai tauri.

Da tsakar rana tana ɗaukar zafi, yara su sa takalmi.