Idan giyar atomatik tana yi tana bari, a fara da wayoyin wuta

Jama'a, masu tsohuwar Hilux atomatik: idan giya ta maƙale a ta uku, fitilar O/D OFF tana ƙyaftawa, ka kashe mota ka tayar ta dawo daidai, kada ka bari a sauke giyabos tukuna. Yawanci matsalar wuta ce.

A fara auna batir. In mota na kashe ya kamata ya kai 12.6V, in inji na aiki 13.5 zuwa 14.5. Sai wayar da ta haɗa inji da bodi, a kwance ta a goge tsatsa. Daga nan rewaya ya cire soket ɗin jikin giyabos ya leƙa. Man giya kan tsattsafo ciki, ruwan damina kuma ya bar kore-kore a bakin fil. Wayar da ta bi kusa da salansa ita ma zafi na cinye mata roba. A girgiza wayoyin lokacin da inji ke aiki, mitar auna wuta a hannu.

Solenoyid, wato bawul ɗin wuta mai canza giya, na giyabos samfurin A340 yakan ba da ohm 11 zuwa 15 a mita, a sanyi. A sake aunawa bayan mota ta yi zafi, don a nan mai lalacewa ke tona kansa. Kuma kafin a cire kan batir, a karanta lambar matsala da kwamfutar mota ta ajiye, in ba haka ba ta goge, ka tafi kasuwar Panteka sayen abin da lafiyarsa ƙalau.