Kurakuran da aka fi yi wajen kallon Saboteur, fim ɗin Hitchcock na 1942

Kuskuren farko tun wajen nema ake yinsa. Darakta Alfred Hitchcock yana da finafinai biyu masu suna kusan iri ɗaya: Sabotage na 1936 da ya yi a Ingila, da Saboteur na 1942 da ya yi a Amurka. Labarinsu daban ne. Kafin ka sauke, duba shekara da sunan jarumi. In ka ga Robert Cummings da Priscilla Lane, to ka samu wanda muke magana a kai.

Labarin shi ne, Barry Kane ma'aikaci ne a masana'antar ƙera jiragen sama a jihar Kalifoniya. Gobara ta tashi, wani mai suna Fry ya miƙa masa tukunyar kashe wuta, shi kuma ya miƙa wa abokinsa, ashe fetur ne a ciki. Abokin ya ƙone ƙurmus. Da aka duba rajistar ma'aikata babu wani Fry, sai laifi ya dawo kan Kane, ya tsere yana neman mai laifin tun daga yammacin ƙasar har Niyok.

A nan ne masu kallo da yawa ke cewa, "To me ya hana shi zuwa wurin 'yan sanda ya yi bayani?" Mai wannan tambaya ya manta lokacin da aka yi fim ɗin. An fara ɗaukarsa a Disambar 1941, watan da Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, ya fito a Afrilun 1942. Ƙasa tana cikin firgici, kowa yana zargin kowa da zagon ƙasa. Talakan ma'aikaci da hannunsa ya taɓa tukunyar, kuma shaidarsa ɗaya ita ce sunan mutumin da aka ce babu shi, wa zai saurare shi? Gyaran shi ne ka riƙe wannan shekarar a ranka har ƙarshen kallo.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici kuwa shi ne tura fim gaba da zarar an daina gudu. Na sha ganin ana tsallake inda Kane ya fake a gidan wani makaho a daji, da inda ya shiga motar 'yan wasan sakos, wato masu yawo gari-gari suna nuna wasannin ban mamaki, wai surutu ya yi yawa. Alhali zuciyar fim ɗin tana nan. Makahon tun shigowar baƙonsa ya ji ƙarar ankwar da ke hannunsa, amma ya ba shi abinci, ya kuma sa 'yar ɗan'uwansa Pat ta kai shi wurin maƙeri a cire masa. Ita mai ido ce ta nufi 'yan sanda da shi. Su kuma 'yan sakos, mutanen da ake biyan kuɗi a kalla saboda halittarsu, ƙuri'a suka kaɗa a tsakaninsu, masu rinjaye suka ce a ɓoye shi. Sai ka ɗora wannan a kan su wane ne miyagun. Charles Tobin attajiri ne mai gidan gona, za ka gan shi yana wasa da jikarsa a bakin wurin ninƙaya. Misis Sutton babbar mace ce mai shirya liyafar tara kuɗin taimako a katafaren gidanta. A tsakiyar wannan liyafa Kane ya yi ta ƙoƙarin gaya wa manyan baƙi cewa a gidan maciya amanar ƙasa suke, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Wanda ya zauna jiran bos mai kakin soja da baƙon harshe, har fim ya ƙare bai gane inda aka dosa ba. Ka saurari hirarrakin nan a natse. Cikin waɗanda suka rubuta fim ɗin har da marubuciya Dorothy Parker.

Akwai kuma batun jirgin ruwa. Fry yana cikin tasi ya hangi wani katon jirgi a kife a tashar ruwa, ya yi ɗan murmushi. Hoton na gaske ne: Normandie ne, jirgin Faransa da ya kama da wuta a Niyok a Fabrairun 1942 ana cikin mayar da shi na jigilar sojoji. Amma kada ka fita kana cewa 'yan leƙen asiri ne suka ƙona shi. Binciken hukuma ya ɗora abin a kan tartsatsin wutar masu aikin ƙarfe, kuma rundunar sojan ruwan Amurka ba ta ji daɗin wannan murmushin ba.

Sai ƙarshen, a kan mutum-mutumin 'Yanci, katon mutum-mutumin nan mai riƙe da tocilan a Niyok. Wasu sukan ɗauka sautin kwafinsu ne ya lalace, su kama ƙara murya. Lafiyarsa lau, da gangan aka bar wurin babu kiɗa. Fry yana reto a hannun mutum-mutumin, Kane ya riƙe shi ta hannun kwat, kyamara tana nuna ɗinkin yana warwarewa zare bayan zare. Rage hayaniyar ɗaki kawai ka zuba ido. Ba a kan mutum-mutumin gaske aka ɗauki wannan ba, a sitidiyo aka gina hannun da tocilan. Daga baya Hitchcock da kansa ya ce ya yi kuskure da ya sa mugu ne yake reto maimakon jarumi. Ni dai ban yarda da shi a nan ba. Mutumin da aka ƙulla wa sharri, aka kashe masa aboki, shi ne yake miƙa hannu ya ceci wanda ya jefa shi cikin wannan hali, kuma fuskar Norman Lloyd, wanda ya fito a matsayin Fry, takan sa ka manta na ɗan lokaci cewa mugu ne, ka riƙa fatan ɗinkin ya riƙe.