Shirin Lahadi tun daren Asabar

Salama 'yan'uwa mata. Wannan rigimar ta safiyar Lahadi, ana neman takalmin yaro ƙafa ɗaya, maigida na ta danna hon a waje, a isa coci rai a ɓace har an gama waƙoƙin yabo, tana da magani fa. Ku gama komai tun daren Asabar. In NEPA sun kawo wuta a goge kaya nan take kar a ce sai da safe, takalman yara a jera bakin ƙofa, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da kuɗin baiko duk cikin jaka ɗaya. Bulus ma ya ce a 1 Korintiyawa 14:40 a yi komai bisa tsari. Yaran da suka yi wayo kuma kowa ya haɗa nasa, kar ki ɗauke musu.