Yadda Ake Binciken Ƙididdiga a Harkar Magunguna: Gyara Takardar Tambayoyinka Kafin Ka Nemi SPSS

Da zarar lokacin furojet ya kama, wayata ba ta hutawa. Ɗaliban harhaɗa magunguna, 'yan makarantar jinya, har da likitocin da ke neman ƙwarewa, roƙonsu guda ne: "Yallaɓai, a taimaka mana da SPSS." Yaro zai shigo da takardu ɗari huɗu a jakar Bagco, ya dire a gabana, ya ce saura sati biyu ya miƙa aiki. Kafin in gama duba goma na sama na riga na gane aikin ya mutu tun wata biyu baya. SPSS, manhajar kwamfuta da ake lissafin bayanan bincike da ita, injin markaɗe ce. Wake ka zuba, ƙullun ƙosai zai ba ka. Tsakuwa ka zuba, ita zai niƙo maka, kuma a tebur mai kyan gani.

Ba zan tsaya bayanin mene ne bincike ba, wanda ya kai ajin ƙarshe ya sha jin wannan. Wuraren da ake faɗuwa zan bi.

Tambaya mai amsar lamba

"Nazari a kan amfani da magunguna a Kano" take ne na tsokana, ba wanda zai iya amsa shi. Ka matse shi: cikin masu hawan jini da suka yi wata shida suna zuwa asibiti kaza, kashi nawa ne suka tsallake shan magani a kwana bakwai da suka wuce? Yanzu ka san wa za ka tambaya da abin da za ka ƙirga.

Daga nan ka ɗauki biro ka zana duk teburan da za su fito a babi na huɗu, babin sakamako, ka bar su fanko. A wurina wannan doka ce, ba na karɓar ɗalibin da bai yi ba. Duk tambayar da ba ta da gurbi a teburan nan, ka cire ta, ko da ta burge ka.

Mutum nawa, kuma su wa

Kowa a Kano ya haddace 384 a matsayin adadin mutanen da za a tambaya, kaɗan ne suka san daga ina ta fito. Ka ninka 1.96 da kanta, ka ninka da 0.5 sau biyu, ka raba da 0.05 da aka ninka da kanta, ita ke nan. Ana sa 0.5 ne idan ba a samu wani binciken da ya ba da ƙiyasi ba. In ka samu na kusa da mu, shi za ka sa.

Kuskure biyu nake yawan gani. Na ɗaya, a ce an ware kashi 10 don waɗanda ba za su amsa ba, sai a ɗora 38 a samu 422. Raba 384 ake yi da 0.9, a samu 427. Na biyu ya fi ban haushi: mutum yana binciken ma'aikatan da duka-duka ba su wuce 200 ba, amma ya rubuta zai tambayi 384. Akwai gyaran da ake yi wa lissafin idan jama'ar kaɗan ce, kuma a nan zai sauko da kai 132.

Zaɓen mutanen kuwa, "duk wanda na samu a layi" ba zaɓe ba ne. Masu sammako daban suke da masu zuwa da hantsi. Idan rajista ta nuna mutum 1,200 ne ke zuwa a wata, kai kuma 400 kake so, ka ɗauki kowane na uku. Idan unguwanni za ka shiga, ka jefa ƙuri'a tsakanin ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sannan mazaɓu, sannan gidaje, kuma ka ninka adadinka da 1.5 ko 2, don maƙwabta sukan yi kama da juna. Masu binciken shaguna, ku yi hattara da tsohon jerin sunaye. Tun da aka matsa wa dillalan magani na Sabon Gari su koma cibiyar Dangwauro a 2024, adireshi da yawa sun tashi aiki.

Takardar tambayoyi, inda ni ma na sha ƙasa

Bincikena na farko a kan shan maganin hawan jini ne, a wani asibiti cikin gari. Na kwaso tambayoyi na Turanci daga intanet, na raba wa mataimaka uku, na ce kowa ya fassara a baki idan ya zauna da mara lafiya. Sakamako ya fito gwanin sha'awa, kusan kowa yana shan maganinsa yadda aka ce. Sai wata babbar ma'aikaciya a ɗakin magani ta jawo mini katunansu, ta nuna mini mutanen da aka ba maganin wata ɗaya ba su dawo ba sai bayan wata uku. Ta ce, "Malam, da me suke sha?"

Washegari na koma na zauna kusa da mataimakina ina saurare. Ga wata dattijuwa da carbi a hannu, ga shi da farar riga da biro. Ya ce, "Baba, kina mantawa da shan maganinki?" Ta ce, "Haba ɗan nan, ina zan manta?" Ya yi maki. Da ya tashi na matsa na gaishe ta, na tambayi jiki. Ta ce da sauƙi, ai tun da jirin ya daina ta ajiye na asibiti, zoɓo da tafarnuwa take yi, sai ta ji kanta ya yi nauyi take komawa. Ba ƙarya ta yi masa ba. Ba ta mantawa, da gangan take ajiyewa. Tambayata ce ba ta iso inda take ba.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Takardar Hausa rubutacciya guda ɗaya, kowa ita zai karanta kalma bayan kalma, ba mai fassara a baki. Mutum ɗaya ya mai da takardar Turanci Hausa, wani da bai taɓa ganin ta asali ba ya mai da Hausar Turanci, a haɗa biyun a ga inda ma'ana ta zame. Wannan ma bai isa ba, don dukansu 'yan boko ne. Sai an gwada ta a kan mutum ashirin zuwa arba'in a wani asibitin da ba shi za a yi aikin ba, kuma kai da kanka za ka zauna ka ji. Bayan kowace tambaya mai wuya ka ce, "Me kika fahimta na tambaye ki?"

A irin gwajin nan ne za ka gano kalmomin da ke cin amana. "Kana shan ƙwaya?" a Kano zagi ne, ka ce "maganin asibiti". Kalmar "magani" kanta ta haɗa jiƙo, rubutu, hayaƙi da na Islamik Kemis, dole ka fayyace wanne kake nufi. Wata ɗalibata ta so ta san ko ana yi wa mutane bayanin magani a taga, ta rubuta "Kin taɓa samun shawara a asibitin nan?" Mace ta farko ta ce Allah ya kiyaye, ita ciwon shawara ta ji. "Zazzaɓi" yana ɗaukar maleriya, taifot da duk wani zafin jiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa kar ka wahalar da kanka da suna, ka zuba kwalaye da kafso mai ja da yalo a faranti, mutum ya nuna wanda ya sha.

Ma'aunin nan mai hawa biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", ni ba na son sa ga marasa lafiya. Dattijon Bakano ba zai kalli mai farar riga ya ce masa "ban yarda ba sam" ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ka bar shi ga ma'aikata masu cikewa da kansu. Ga sauran, ka nemi abin ƙirgawa, ka ɗaure shi da ranar da kowa ya sani: "Daga Juma'ar da ta wuce zuwa yau, kwana nawa ba ki sha ba?" Ka lura da ginin tambayar, ta riga ta nuna cewa tsallakewa ba abin kunya ba ne. Kuma a cire farar riga.

Shekaru ma aiki ne. Tsoho zai ce maka hamsin, ko sittin, duk a kan sifiri. Ka riƙe abubuwan tarihi a bayan takarda: hawan Sarki Ado Bayero 1963, kisan Murtala 1976, rikicin Maitatsine 1980. "Lokacin Maitatsine an yi miki aure?" ya fi "shekarunki nawa" kusa da gaskiya. Kuɗin shiga kuwa amsarsa "Alhamdulillahi" ce, gara ka tambayi abin da aka mallaka a gida: firji, babur, janareta. Tambaya mai goyo, irin "maganin yana da tsada kuma yana wahalar samu?", a raba ta biyu. Kuma in aikinka ya faɗo cikin azumi, ka sani lokutan shan magani sun sauya, ko ka jira bayan Sallah ko ka faɗa a rubutunka.

Wani abu na kuɗi: ma'aunin Morisky na bin ƙa'idar shan magani, mai tambaya takwas, da ɗalibai ke kwafowa yana da lasisi, ba kyauta ba ne, kuma an taɓa bin masu bincike bashinsa bayan sun wallafa. In kana son aikin da ba ruwansa da fassara, ka duba ma'aunan rubuta magani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1993: magani nawa a kowace takarda, kashi nawa ke da allura, kashi nawa ke da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Takardun likita akalla 600 ake so a duba, kuma takarda ba ta jin kunya.

Izini da fita aiki

Kwamitin ɗa'ar bincike za ka fara miƙa wa, kafin ka tambayi ko mutum ɗaya. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da nasa, asibitocin jiha kuma ta Ma'aikatar Lafiya ake bi. Ka kai da wuri, da takardar neman yardar mutane ta Hausa da gurbin dangwale. A unguwa, mai unguwa za ka fara gaisarwa. Mata su tambayi mata, kuma a lallaɓa maigida kar ya amsa wa matarsa.

Takarda mai shafi huɗu sau 427 shafi 1,708 ke nan, je ka tambayi mai fotokwafi a Kabuga ka ji. KoboToolbox, manhajar cike tambayoyi, kyauta ne, yana aiki a waya ba intanet, kuma za ka iya hana shi karɓar shekara 350. Ka dai tanadi fawa banki. Kowane dare ka duba abin da aka tattaro a ranar. Mataimakin da ya cike hamsin a wuni, a gindin bishiya ya cike su.

Shigarwa da lissafi

Layi ɗaya mutum ɗaya a Excel, kowace takarda da lambarta. Ka rubuta ma'anar lambobinka a littafi, kar yau 1 ta zama namiji gobe mace. Idan ka sa 99 a madadin "bai amsa ba", ka sanar da manhajar, in ba haka ba za ta ɗauka tsofaffi ne masu shekara 99, matsakaicin shekaru ya haura. In ba ka da lasisin SPSS, Epi Info da jamovi kyauta ne, kuma sun ishi furojet.

Ka fara da ƙirga da kaso, a nan kurakuran shigarwa ke fitowa. Rukuni da rukuni, kamar jinsi da tsallake magani, gwajin kai-sikwaya ne. In sama da kashi 20 na gidajen tebur adadin da ake tsammani a cikinsu bai kai 5 ba, ka koma na Fisher. Matsakaicin awon jini tsakanin rukuni biyu, gwajin t. Gwaje-gwajen nan suna ba da wata lamba da ake kira p, wadda ake dubawa a ga ƙarfin hujjar sakamako. Idan manhaja ta nuna p 0.000, ka rubuta ƙasa da 0.001. Ka sa tazarar tabbaci ta kashi 95 kusa da babban sakamakonka. Tunda sau ɗaya ka tambayi mutanen, ka rubuta "akwai alaƙa", kar ka ce wannan ne ya jawo wancan. Idan kuma p ta fi 0.05, ka rubuta ta yadda ta fito, kar ka kira ni in gyara maka ita.