Gudun fanfalaki na farko: yadda na shirya daga Sakkwato

Ranar da na fara fita sassarfa bayan sallar asuba, wani dattijo da ke dawowa daga masallaci ya tare ni a Mabera, ya ce, "Lahiya dai ɗana? Mi yak koro ka?" Na ce, "Lahiya lau Baba, motsa jini nikai." A lokacin ko kilomita 2 ba na yi sai na dafa gwiwa ina haki. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan na gama gudun fanfalaki na Legas, kilomita 42 da mita 195, tsawon da aka gada daga gasar Olamfik ta Landan a 1908. In ka taɓa zagaya filin wasa na Giginya sau huɗu ka ji a jikinka, to lissafa: a layin tsere mai mita 400, zagaye 105 da rabi ke nan.

Mu a nan, abin da za ka fara dubawa kalanda ce. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, wanda ya ce zai yi doguwar hanya a wannan lokaci asibiti yake nema. Sa'ar da muka yi, gasar Legas, wadda aka fara a 2016, a watan Fabrairu ake yin ta. Shirin gudun yana cin mako 16 zuwa 20, ka ga ya faɗo daga Oktoba zuwa Janairu, yawancinsa cikin hunturu, lokacin da garin nan ke ɗaga mana ƙafa. Amma kafin Oktoba ta kama, ya zama kana iya kilomita 10 ba tsayawa. Damina ita ce ta wannan aikin. Ka kuma je a auna maka hawan jini, musamman in ka haura arba'in.

Kwana huɗu nake fita a mako. Uku gajeru ne, kilomita 6 zuwa 10. Na huɗun, ranar Asabar, shi ne dogon, kuma shi ne ƙashin bayan shirin. Na fara da 12, ina ƙara 2 kowane mako, duk mako na huɗu in rage don jiki ya huta. Mafi tsawo da na yi 32 ne, saura mako uku a yi gasa. Daga nan sai ragewa. Kada zumuɗi ya sa ka ce sai ka gwada 42 ɗin a gida, za ka ƙone ƙafarka tun kafin ranar biki.

Yanzu ga inda yawancinmu ke ɓata rawarmu da tsalle, wato sauri. Dogon gudu a hankali ake yin sa, hankalin da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Da kunya, na sani. Yara masu zuwa makarantar allo za su jera da kai suna dariya, ɗan kabu-kabu zai rage gudu ya ce, "Alhaji hau in kai ka, ko kyauta ne." Ka yi masa godiya ka wuce. Wannan jan ƙafar shi ke koya wa jiki ƙona kitse da tattalin sukarin da ya ajiye a nama da hanta. Ajiyar nan ba ta da yawa, ga yawancin mutane tana ƙarewa wajen kilomita 30 zuwa 35. A nan ne ƙafa ke zama kamar an ɗaura mata buhun gero.

Hunturu yana da yaudara. Zufa na bushewa tun kafin ka gan ta, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba. Ni ban cika nisa da gari cikin duhu ba, hanya ɗaya mai kilomita 5 nake maimaitawa, ƙanina yana zaune a kan babur da ruwan leda, da gora ɗaya ta ruwan gishiri da sukari irin wanda ake sayarwa a kyamis. Kowane zagaye in kurɓa kaɗan. Bayan awa ɗaya sai in fara cin dabino biyu ko uku duk minti 40. Kada kuma ka ɗura wa cikinka ruwa zalla fiye da kima, yana tsinka gishirin jini, kuma hakan na da haɗari. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango fitilar mota, ka haƙura, ƙirjinka ya fi atisayen kwana ɗaya.

Takalmi kuwa, ko na gwanjo ne ba laifi, in dai tafinsa bai cinye ba. Ka sayi wanda ya ɗan fi ƙafarka, ya zama akwai faɗin babban yatsa a gaba, domin ƙafa na kumbura. Na ƙi jin wannan, farce biyu suka yi baƙi suka fita. Ka shafa basilin a matsematsi da hammata, ka manna filasta a kan nono. Kar ka yi dariya, riga mai jiƙe da zufa in ta goge wurin awa huɗu, jini yake fitarwa.

Ka isa Legas da kwana biyu a hannu. Iskarsu jiƙaƙƙiya ce, zufa ba ta bushewa, mutumin Sakkwato da ke taƙamar ya san zafi sai ya ji kamar an rufe shi cikin tukunyar dambu. Daren gasa ka ci abin da cikinka ya sani, shinkafa da miya marar yaji. Ranar gasa ba a gwada sabon abu, ko safa ce.

A shekarar da na yi, daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere aka tashi da sassafe, aka ƙare a Eko Atlantic. 'Yan Kenya da Habasha da 'yan Filato za su ɓace maka cikin minti biyu, ba da su kake yi ba. Ni kuskurena a gadar Third Mainland na yi shi. Ga iska, ga ruwa hagu da dama, ga jama'a, na ji ƙarfi kamar ingarma, na shiga wuce mutane. A kilomita 33 jijiyar ƙwaurina ta ɗaure, na koma gudu minti uku, tafiya minti ɗaya, ina cin sauran dabinon aljihuna, har na shiga bayan awa biyar da 'yan kai. Waɗanda na wuce a gada ɗaya bayan ɗaya suka zo suka wuce ni. Rabin farko ka riƙe kanka har ka ji kamar wasa kake yi.

In ka gama kada ka zube nan take, ka yi ta takawa minti goma, ka sha ruwa, ka ci wani abu. Kuma kada ka yanki tikitin motar Sakkwato na wannan yammacin. Ni na yi, na kwana a naɗe a kujera, da muka iso tasha sai da yaron mota ya riƙe hannuna na sauko da baya da baya.