Darasi na Bakwai: Yadda Fura Take Zama Ƙarfi a Jiki

Manomin Daura ya sha fura da hantsi, ya koma huɗa. Geron nan ne yake ɗaga masa garma. To, ta wace hanya?

Hanji yana narkar da gero ya zama sukari mai suna gulukos. Jini ya kwashe shi ya kai wa ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya iya gani. A cikin kowace ƙwaya ana raba gulukos gida biyu. Kowane rabi sunansa fairubet.

Fairubet mararraba ce. Idan iskar oksijin ta wadata, sai ya shiga wani ɓangaren ƙwayar da ake kira maitokondiriya, a ƙone shi sarai, ya bar ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Nan ne ƙarfi mai yawa yake fita. Rabawar farko tana ba da ƙunshin ƙarfi 2 kacal, wanda masana ke kira ATP, amma ƙonewa sarai tana ba da kusan 30. Wani masani haifaffen Jamus, Hans Krebs, shi ya bayyana zagayen matakan da ake bi wajen wannan ƙonewa a 1937.

Idan aiki ya yi tsanani, mutum yana haki, tsoka takan juya fairubet ya zama wani sinadari mai suna laktet don kada aiki ya tsaya. Daga baya hanta ta mai da shi sukari. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin madara ma wannan hanya suke bi, shi ya sa nono yake tsami. Yis kuwa iska yake fitarwa daga fairubet, sai ka ga ƙullun waina ya kumburo yana kumfa.

Ga abin da ya shafi tukunyarmu kai tsaye. Jiki ba ya iya ƙona fairubet sarai sai da bitamin B1. Wanda ya rasa shi yakan yi fama da kasala da mutuwar ƙafafu, wani lokaci har da kumburi. Wannan bitamin yana da yawa a dusar hatsi, wadda muke surfewa mu zuba wa awaki. Uwargida, a rage tsananta surfe. A riƙa haɗa abinci da wake da gyaɗa. Shinkafar da aka turara kafin a cire mata ɓawo ta fi fara tas riƙe shi.

Aiki: Rubuta abin da gidanku ya ci jiya. Ja layi a ƙarƙashin wanda yake da wake ko gyaɗa.