Yadda za ka tantance tayin aiki na bizar H-1B kafin ka amince

A ƙarshen watan Disamba na 2024, bayan da Donald Trump ya zaɓi Sriram Krishnan, haifaffen Indiya, a matsayin mai ba shi shawara kan ƙirƙirarriyar basira, cacar baki ta ɓarke a tsakanin magoya bayansa game da bizar H-1B, wato bizar da Amurka take bai wa ƙwararrun ma'aikata 'yan ƙasashen waje. Elon Musk da Vivek Ramaswamy suka dage cewa kamfanonin fasaha na Amurka ba za su kai labari ba sai da ƙwararrun ƙasashen waje, yayin da Steve Bannon da Laura Loomer suka ce ana ture 'yan ƙasa ne domin a kawo ma'aikata masu arha. Sanata Bernie Sanders, wanda akidarsa ta yi hannun riga da ta Bannon da Loomer, shi ma ya soki shirin bisa hujjar cewa yana danne albashi. A ganina, injiniyan manhaja da ke riƙe da takardar tayin aiki bai kamata ya tsaya zaɓen ɓangare ba. Abin da zai amfane shi shi ne ya ɗauki kowane zargi da ake yi wa shirin ya mai da shi tambayar da zai yi wa kamfanin da ke son ɗaukarsa, domin duk inda aka yi maguɗi a wannan tsari, baƙon ma'aikaci ne yake fara ji a jikinsa.

Da farko ka fahimci wane ne mai neman bizar. Kamfani ne yake shigar da buƙata a madadinka a USCIS, hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka, kai ba ka da ikon nema da kanka. Dokar shige da fice ta 1990 ce ta kafa wannan biza, kuma ana bayar da sabbi 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko sama da haka a jami'o'in Amurka. Ana yin rajista ta intanet a watan Maris, ana fitar da sunaye ta hanyar ƙuri'a saboda masu nema sun ninka guraben, sannan wanda ya dace ba zai fara aiki ba kafin 1 ga Oktoba. Dole aikin ya kasance mai buƙatar digiri na farko a wani fanni takamaimai, kuma ga wanda karatunsa bai cika ba, ana iya lissafa shekara uku ta ƙwarewar aiki a madadin shekara ɗaya ta jami'a. Saboda haka duk dillalin da ya ce ka biya shi zai tabbatar maka da gurbi, ƙarya yake yi, tun da ba shi da hannu a ƙuri'ar. A 2023 yawan rajistar ya haura 780,000, galibi saboda kamfanoni da dama suna shigar da sunan mutum ɗaya domin ƙara masa dama, abin da ya sa daga 2024 aka koma ƙirga kowane mutum sau ɗaya tak bisa lambar fasfonsa.

Mataki na biyu, wanda na fi so ka ɓata lokaci a kansa, shi ne karanta takardar da ake kira LCA. Kafin kamfani ya je USCIS, sai ya fara shigar da wannan takarda a Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka, inda zai yi alkawarin biyanka duk wanda ya fi yawa tsakanin albashin da yake biyan takwarorinka a cikin kamfanin da albashin da aka saba biya a irin wannan aiki a wannan yanki. Doka ta wajabta masa ba ka kwafinta, a ƙalla ranar da ka kama aiki, amma babu abin da ya hana ka nema tun da wuri, kuma yadda zai amsa wannan buƙata ma darasi ne. Idan ta zo hannunka, ka sa yatsa a wuri uku: sunan aikin, adireshin wurin da za ka yi shi, da matakin albashi. Matakan huɗu ne, na farko na sabon shiga ne, na huɗu kuma na gogagge. A ce ka shafe shekara takwas kana rubuta manhaja, a hira an tambaye ka yadda za ka jagoranci tawaga, sai ga shi a takardar an rubuta mataki na ɗaya. Wannan layi guda ya isa ya nuna maka cewa aikin babba za ka yi da kuɗin ƙarami, kuma a nan ne masu sukar shirin suke da gaskiya. Wani nazari da cibiyar Economic Policy Institute ta fitar a 2020 ya nuna cewa kashi 60 cikin ɗari na guraben da aka amince da su suna kan matakai biyu na ƙasa, waɗanda ba su kai matsakaicin albashin yankin ba.

Adireshin wurin aiki shi ma yana da labarinsa. Idan ya bambanta da ofishin kamfanin da ya ɗauke ka, to ƙila kamfanin ɗan kwangila ne da zai tura ka aiki a wani kamfani. Doka ba ta haramta wannan ba, sai dai mafi yawan ƙorafe-ƙorafen da suka ɓata sunan shirin daga nan suka fito, kamar abin da ya faru a Disney da Southern California Edison a 2015, inda aka sallami ma'aikatan sashen kwamfuta, wasunsu ma sai da suka horar da waɗanda za su maye gurbinsu. Ka tambayi kamfanin kai tsaye abin da zai faru idan kwangilar ta ƙare. Amsar da doka ta yarda da ita ɗaya ce: zai ci gaba da biyanka cikakken albashi ko da babu aikin da zai ba ka, matuƙar bai sallame ka a hukumance ba. Za ka iya binciken tarihinsa da kanka, domin USCIS tana da rumbun bayanai a shafinta wanda ke nuna yawan buƙatun da aka amince wa kowane kamfani da waɗanda aka ƙi, ita ma Ma'aikatar Ƙwadago tana wallafa bayanan LCA.

Sai batun kuɗi. Akwai harajin horar da ma'aikata 'yan ƙasa, dala 750 ga ƙananan kamfanoni da dala 1,500 ga manya, wanda doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci ta kowace siga. Haka nan ba a yarda kamfani ya ci ka tara don ka bar aiki kafin wa'adi ba, saboda haka ka karanta duk wani sharaɗi na biyan diyya da idon basira, ka kai wa lauyan shige da fice wanda ba na kamfanin ba. Lauyan da kamfani ya ɗauka, komai kirkinsa, kamfanin ne yake biyansa. A ranar 19 ga Satumba 2025 Trump ya sa hannu a kan wata sanarwa da ta ɗora dala 100,000 a kan sabbin buƙatu daga 21 ga watan, na tsawon wata goma sha biyu sai idan an tsawaita, daga baya kuma USCIS ta bayyana cewa abin ya shafi waɗanda suke wajen Amurka ne, ban da ɗalibin da ke cikin ƙasar da aka amince ya sauya nau'in izinin zamansa. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta US Chamber of Commerce ta kai ƙara kotu a kan haka. A watan na Satumba kuma gwamnati ta gabatar da tsarin da zai fifita masu babban matakin albashi a wajen ƙuri'a. Tun da ƙa'idojin suna sauyawa da sauri, ka duba shafin USCIS a makon da za ka yanke shawara, kuma ka nemi kamfani ya rubuta maka cewa shi ne zai ɗauki nauyin waɗannan kuɗaɗe.

Abin da ya fi damuna a tsarin gaba ɗaya shi ne yadda zaman mutum a ƙasar ya rataya a wuyan mai ɗaukarsa aiki. Bizar ta shekara uku ce, ana sabunta ta zuwa shida. Idan aka sallame ka, kana da kwana 60 a mafi yawa, ko ragowar wa'adin zamanka idan bai kai haka ba, ka samu wani kamfani ya shigar maka da buƙata, ko ka sauya nau'in izinin zamanka, ko ka tattara ka tafi. Kwana sittin ba su da yawa ga mai iyali da 'ya'ya a makaranta da yarjejeniyar hayar gida, shi ya sa mutane da dama suke haɗiye wulaƙanci su yi shiru. Amma kana da haƙƙoƙin da ya kamata ka sani tun kafin ka hau jirgi. Dokar da aka yi a 2000 ta ba ka damar fara aiki a sabon kamfani da zarar ya shigar da buƙatarsa, ba tare da sake shiga ƙuri'a ba. Kamfanin da ya sallame ka kafin wa'adi shi ne zai biya kuɗin komawarka gida. Idan an tauye maka albashi, akwai fom mai suna WH-4 da ake kai ƙorafi da shi a Ma'aikatar Ƙwadago. Ka ajiye kwafin takardar amincewa ta I-797 da duk takardun albashinka a wurin da ba kwamfutar ofis ba, domin ranar da aka rufe maka asusu ba za ka sake ganinsu ba.

Tambaya ta ƙarshe da za ka yi ita ce yaushe kamfanin zai fara nema maka katin zama na dindindin, wato girin kad, kuma ka so amsar a rubuce. Fara wannan shiri da wuri shi ne yake ba da damar wuce shekara shida. Ana ware kusan 140,000 a shekara ta hanyar aiki, kuma kason kowace ƙasa an ƙayyade shi a kashi 7 cikin ɗari bisa ƙasar haihuwa, abin da ya sa 'yan Indiya, waɗanda suke karɓar kusan kashi 70 na bizar H-1B, suke shafe shekaru masu yawa a layi. Matar aure ko mijin da ya biyo ka da bizar H-4 ba zai samu izinin aiki ba sai wannan shiri ya yi nisa.

Idan ƙuri'a ba ta faɗo kanka ba, jami'o'i da cibiyoyin bincike na gwamnati ko waɗanda ba na neman riba ba suna ɗaukar ma'aikata da H-1B a kowane lokaci na shekara ba tare da iyakar adadi ba. Wanda ya yi shekara ɗaya a reshen wani kamfani a wata ƙasa zai iya samun canjin wurin aiki da bizar L-1, wanda kuma ya yi fice a fanninsa da hujjoji a hannu zai iya neman O-1, ita ma ba ta da ƙuri'a.